Bayani Kan Ɓarakar da Ake Samu a Ƙwaƙwalwar Wayar Salula da Yadda Ake Toshe Ta

A cikin kowace wayar salula akwai wasu ƙananan sassa da ake kira ƙwaƙwalwar waya, waɗanda kamfanoni irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc da Samsung ke ƙerawa. Akasarin wayoyin Tecno da itel da Infinix da ke hannun jama'armu suna ɗauke ne da na MediaTek ko Unisoc. Kowane sashe yana da tasa manhajar da aka dasa masa tun daga masana'anta, wadda mai waya ba ya ganin ta a fuskar wayarsa. Ita ce ke haɗa waya da turken sadarwa, ita ce kuma ke kula da murya da Wi-Fi.

Matsalar takan taso ne daga yadda wannan manhaja ke ajiye bayanai. Duk saƙon da ya shigo, akan ware masa gurbi mai iyaka a ma'adanar waya, tamkar yadda mai lambu ke yanka fangali ya kewaye shi da kunya. Idan aka saki ruwan da ya fi ƙarfin fangalin, kuma babu mai lura, sai ya karya kunya ya malala cikin na kusa. Haka abin yake a nan. Idan masu rubuta manhaja suka manta da auna tsawon saƙo kafin a zuba shi, ɓata-gari kan aiko da saƙon da ya wuce kima da gangan, sai rarar ta hau kan umarnin da wayar ke bi, ta maye gurbinsa da nasu. Yawancin waɗannan manhajoji an rubuta su ne da harsunan kwamfuta na C da C++, waɗanda ba sa yin wannan awo da kansu. A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ɓarakar da yake toshewa duk shekara daga kurakuran ma'adana suke fitowa.

A watan Maris na 2023, masu bincike na Project Zero da ke kamfanin Google suka sanar da ɓaraka 18 a sashen sadarwa na Exynos da Samsung ke ƙerawa. Huɗu daga ciki sun kai munin da lambar wayar mutum kaɗai ta isa a kutsa masa daga nesa, ba tare da ya taɓa komai ba. Kafin nan, kamfanin Check Point ya gano makamancin haka a sashen murya na MediaTek a 2021, da kuma sashen sadarwa na Unisoc a 2022. An fitar da gyaran dukkansu.

Sai dai fitar da gyara daban, isowarsa hannun mai waya daban. Mai ƙera ƙwaƙwalwa shi ke fara rubuta facin, ya miƙa wa kamfanin da ya haɗa wayar, shi kuma ya gwada shi a kan kowane samfuri kafin ya tura ta intanet. Tun daga 2015 Google ke fitar da sanarwar tsaro ta Android duk wata, amma wayoyi masu araha sukan yi watanni ba su samu ba, wasu ma kamfaninsu ya daina waiwayar su. Ya kamata a sani cewa goge waya a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ba ya maganin wannan matsala, haka ma manhajar kashe bairos, domin ɓarakar tana can ƙarƙashin inda suke iya kaiwa.

Don haka ana shawartar jama'a da su shiga Settings, su nemi About phone, su duba ranar da ke rubuce a gaban sabuntawar tsaro ta Android. Daga nan a nemi System update ko Software update, a sauke abin da ya zo. A tabbata caji ya haura rabi, kada kuma a kashe wayar ana tsakiyar aiki. Da yake sabuntawar kan ci data da yawa, waɗanda ke ƙauyukan da sabis ba shi da ƙarfi za su iya bari sai ranar kasuwa ko ranar da suka shigo hedkwatar ƙaramar hukuma.

Gyara na gaskiya ta cikin Settings kaɗai yake zuwa. Duk saƙon tes ko na WhatsApp da ya ce a latsa wani adireshi domin sabunta waya, a yi watsi da shi. Hakazalika, idan mai gyara zai yi wa waya filashin, a bukaci ya ɗora manhajar kamfanin ta baya-bayan nan, domin tsohuwa kan dawo da ɓarakar da aka riga aka toshe.

Ana kuma jan hankalin ma'aikatan ƙananan hukumomi, musamman masu kula da albashi da jami'an lafiya da malaman gona da ke tattara bayanan jama'a da waya, da su rubuta samfurin kowace wayar ofis da ranar sabuntawarta ta ƙarshe a cikin rajista. Wadda ta shekara ba ta samu gyara ba, a daina hulɗar banki da aikin hukuma da ita, sannan a sanar da shugaban sashe domin a sauya ta.