Amanar Manhajar Rauta a Wuyan 'Yan Sa-kai

A birnin Balin na ƙasar Jamus, da kuma ƙauyukan Kataloniya ta ƙasar Sifen, akwai jama'a waɗanda suka kafa ƙananan na'urorin rauta a kan rufin gidajensu, kowace tana karɓar saƙo daga maƙwabciyarta ta miƙa wa ta gaba, har ya isa inda aka nufa ba tare da ya bi ta hannun kamfanin sadarwa ba. Ƙungiyar Freifunk ta Jamus da Guifi.net, wadda aka fara a yankin Osona a 2004, su ne mashahuran misalai. Amma abin da yake riƙe da wannan raga, wanda ido ba ya gani, shi ne manhajar da ke zaune a cikin kowace rauta, wadda ita ce ke hukunta hanyar da saƙo zai bi.

Asalin al'amarin kuwa, a 2003 aka gano cewa rautar WRT54G ta kamfanin Linksys tana aiki da Linux, wanda sharaɗin lasisinsa ya wajabta wa duk wanda ya rarraba shi ya bayyana rubutun manhajar ga kowa. Da kamfanin ya bayyana, sai masu sha'awa suka gina manhajar rauta ta OpenWrt a kansa a 2004. Daga wannan tushe ne Gluon ta 'yan Freifunk ta tsiro, haka kuma manhajar AREDN ta masu sha'awar rediyo a Amurka, waɗanda ke tanadin sadarwa domin lokacin bala'i.

To, rubuta manhaja karo na farko shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen kiyaye ta shekara bayan shekara, domin kuwa aibi yakan ɓuya har sai an daɗe kafin ya bayyana. Alal misali, a 2017 aka bankaɗo raunin da aka kira KRACK a cikin tsarin tsaro na WPA2, wanda kusan dukan na'urorin Wi-Fi suka dogara a kansa a lokacin, sai ya zama tilas a gyara, a jarraba, a isar da gyaran ga na'urori da yawa waɗanda masu su ba su san ana yi ba. Saboda haka ne Gluon take ɗauke da tsarin sabunta kanta, amma bisa sharaɗin cewa rauta ba za ta karɓi sabon zubi ba sai an sa masa hannun amintattun mutane gwargwadon adadin da jama'ar wurin suka ƙayyade, tamkar yadda alƙali ba ya zartar da hukunci sai da shaidu adalai. Hikimar ita ce, zubi guda mai kuskure yana iya kashe na'urorin unguwa baki ɗaya, sai an hau rufi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma matsalar tsufan kayan aiki. Rautoci masu araha irin su TL-WR841N, masu ma'ajiya megabait 4 da ƙwaƙwalwa megabait 32, su ne suka yaɗa Freifunk, amma da manhaja ta ƙara girma sai OpenWrt ta daina tallafa wa irinsu bayan fitowar 19.07, masu su kuwa suka rage tsakanin sayen sabuwa da zama da tsohuwa marar kariya.

Hasali ma, wannan hidima ta yi kama da abin da malamai ke kira farali kifaya, sai dai idan masu ɗaukarta suka yi ƙaranci, gajiya takan cim musu, kuma saɓani ya shigo, kamar yadda masu kula da OpenWrt suka rabu a 2016 wasu suka kafa LEDE kafin a sake haɗewa a 2018. Duk jama'ar da ke nufin kafa irin wannan raga, lalle ne ta horar da masu kula da manhaja tun kafin ta sayi rauta ta farko.