Tafasa Ruwan Jakara Ba Ya Ƙona Ƙarfen Da Ke Cikinsa

Akwai wata magana da ta yaɗu a bakin jama'a, cewa duk ruwan da aka tafasa, ko aka jefa masa alif ya kwanta, ya tsarkaka daga kowace irin cuta, kuma da wannan hujja ce wasu ke amfani da ruwan rijiyoyin da ke gaɓar kogin Jakara, wanda ya ratsa tsohon birnin Kano ta gefen kasuwar Kurmi, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sannan ya zube a madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir. Maganar tana da ƙamshin gaskiya idan ƙwayoyin cuta ake nufi, amma game da ƙarafa kuskure ce mai hatsari.

Domin a gane dalili, sai a duba yadda ƙarafa suke. Sinadarai na asali, wato waɗanda ba a iya farfasa su zuwa wani abu dabam, guda 118 ne, an jera su sahu bakwai a jadawalin da Dmitri Mendeleev na ƙasar Rasha ya aza harsashinsa a shekarar 1869. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, da ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da ake kira ilektaron, waɗanda ke kewaye cibiyar hawa-hawa, kuma lambar sahu ita ce adadin hawan. Sahu na huɗu yana da sinadarai 18, daga fotasiyam mai ilektaron 19 zuwa kiriftan mai 36, kuma a tsakiyarsa ne baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da tutiya suke, tare da kuromiyam mai ilektaron 24, wanda kamfanonin jima na zamani ke sarrafa fata da shi, saɓanin majeman gargajiya da suka dogara ga bagaruwa.

Ƙarafan tsakiyar wannan sahu suna da wata ɗabi'a, domin yayin da ake tafiya daga hagu zuwa dama, ƙarin ilektaron yana shiga hawa na uku ne, na wajen kuwa ya tsaya a ɗaya ko biyu, shi ya sa sukan saki adadi dabam-dabam gwargwadon abin da suka haɗu da shi. Kuromiyam da ya saki uku shi ne na jima, kuma illarsa da sauƙi, amma wanda ya saki shida guba ne da ke narkewa sarai cikin ruwa, yana cin fata, yana lahanta ƙoda, kuma an tabbatar shaƙarsa tana jawo ciwon daji na huhu.

To, wutar murhu, kome ƙarfinta, ba ta kaiwa ga cibiyar zarra, kuma cibiyar ce ke sa kuromiyam ya zama kuromiyam. Ƙwayar cutar kwalara halitta ce mai rai, zafi yana kashe ta, shi kuwa ƙarfe ba shi da ran da za a kashe. Abin da ke fita daga tukunya tururin ruwa ne, ƙarfen yana nan daram, saboda haka matar da ta bar ruwa ya yi ta tafarfasa har ya ƙone rabi, da niyyar kare 'ya'yanta, ta ninka yawan ƙarfen da ke cikin kowace moɗa ne ba tare da ta sani ba. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma hasken ruwa ba shaida ba ne, tunda narkakken ƙarfe kaɗan ba ya nuna launi ko wari. Abin takaici shi ne har masu ilimin boko sukan maimaita maganar cewa tafasawa ko alif na tsarkake ruwa, alhali darasin yana cikin littafin sakandare. Dalma ma, wadda ke sahu na shida, tafasa ruwa ba ya fitar da ita, kuma ita ce ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a shekarar 2010.

Rashin tace dagwalo tun daga masana'anta shi ne tushen matsalar, wannan kuwa aikin hukuma ne. A gida, wajibi ne mazauna gaɓar kogin su raba ruwan sha da girki da na wanki, su bar rijiyar da ke dab da kwata ga wanki kawai, su kai samfurin ruwansu ɗakin gwaji kafin su amince da shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya. A ci gaba da tafasa ruwa saboda kwalara da taifot, amma kada a ɗora masa aikin da ba nasa ba. Wanke latas da alayyafon da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kogin yana cire ƙazantar da ke bisa ganye, amma ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta tsotsa, don haka mai saye ya tambayi inda aka yi ban-ruwa. Masu babbake ganda kuma su daina hura wuta da yankakkun fatun kamfanonin jima, domin ƙona su yana iya mayar da kuromiyam mai sakin uku ya koma mai sakin shida, hayaƙin da tokar duka su zama guba. Iyaye su hana yara wanka da kamun kifi a Jakara da Getsi.