Ko Kun Sani?

Makin farko da Jamhuriyar Nijar ta samu a gasar cin Kofin Nahiyar Afirka, mai tsaron raga ne ya ƙwato mata shi. Kassaly Daouda, haifaffen Dosso a 1983, shi ya hana 'yan wasan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango sakat a gasar 2013 a Afirka ta Kudu, aka tashi babu ci. A gasar 2012 kuwa, Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta sha kashi a wasanninta uku. Tun 2008 Kassaly ya kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka tare da Coton Sport ta Garwa, Kamaru, sai dai Al Ahly ta Masar ce ta ɗauke kofin. Yara masu gudun tsaron raga, kun dai ji!