Zaɓen Birni a Amurka: Magajin Gari, Kansiloli da Bashin da Jama'a Ke Amincewa da Shi

Zaɓen cikin gari a Amurka yakan haɗa abubuwa uku a takardar ƙuri'a guda: kujerar magajin gari, kujerun kansiloli, da tambayar ko jama'a sun yarda birninsu ya ci bashi don wasu ayyuka. San Antonio da ke jihar Teksas, birni na bakwai a yawan jama'a a ƙasar, mai mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, ya yi irin wannan zaɓe ranar Asabar, 6 ga Mayu, 2017. A ranar an nemi magajin gari, an nemi kansiloli goma, an kuma nemi izinin ciyo bashin dala miliyan 850.

Takardar ƙuri'ar ba ta ɗauke da sunan jam'iyya ko alamarta. Ɗan takara da sunansa kaɗai yake tsayawa, ko da kowa ya san inda ya karkata. Kuma ba a cin kujera sai da fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. A 2017 magajiyar gari mai ci, Ivy Taylor, ta zo ta ɗaya da kusan kashi 42 cikin ɗari, kansila Ron Nirenberg na biye da ita da kusan kashi 37. Da yake babu wanda ya haye rabi, sai aka koma zagaye na biyu ranar 10 ga Yuni, inda Nirenberg ya kayar da ita da kusan kashi 55. Ya riƙe kujerar har 2025.

Sai dai magajin garin San Antonio ba shi ke riƙe da ragamar ma'aikata ba. Tun farkon shekarun 1950 birnin ke bin tsarin da majalisa ke ɗaukar ƙwararren manaja ta damƙa masa gudanarwa: shi ke tsara kasafin kuɗi, shi ke kula da sassan 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, shara da tituna. Magajin gari ƙuri'a ɗaya yake da ita cikin goma sha ɗaya. Ƙarfinsa yana cikin jagorantar zaman majalisa, da iya haɗa kan mutum shida a kan abin da yake so, da kasancewarsa shi kaɗai ne duk garin ya zaɓa. A Chicago da New York abin ya bambanta, can magajin gari ne shugaban zartarwa.

Kujerun kansiloli sun fi cancantar a tsaya a kansu, domin tarihinsu ne ke bayyana inda kuɗin birni ke zuwa. Kafin 1977, a San Antonio, duk garin ne ke zaɓen kowane kansila. Abin kamar adalci, amma a aikace unguwannin masu hali na arewacin birnin, waɗanda ke da kuɗin kamfe kuma suke fita zaɓe, su ke cika majalisa. Wata ƙungiyar manyan 'yan kasuwa mai suna Good Government League ta shafe shekaru kusan ashirin tana tsayar da 'yan takara suna lashewa. Yammacin birnin, inda talakawa 'yan asalin Meziko suka fi yawa, ya zauna da titunan ƙasa da rafukan da ke tumbatsa duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ambaliyar watan Satumba na 1921 ta kashe mutum fiye da 50, akasarinsu daga wannan ɓangare, amma babban aikin da ya biyo baya, wato madatsar Olmos, tsakiyar gari da kasuwanninta ya kare.

A 1974 mazauna waɗannan unguwanni suka kafa ƙungiyar COPS ta hanyar cocinan Katolika na yankinsu, suka tasa hukumomin birni a gaba kan magudanun ruwa, har aka amince da bashin kusan dala miliyan 47 don wannan aiki a shekarar. Bayan an faɗaɗa dokar kare 'yancin zaɓe ta tarayya ta shafi Teksas a 1975, matsin lamba daga ma'aikatar shari'a ta ƙasa ya sa aka raba birnin gunduma goma a 1977, kowace da kansilanta. Daga nan mazaunin unguwa da ruwa ke shiga ɗakinsa ya san ƙofar da zai buga, kuma mai ƙofar ya san kujerarsa na hannun wannan mutum. Har albashi ma ya shafi wanda zai iya tsayawa: kafin 2015 dala 20 ake biyan kansila a kowane zama, abin da ya sa sai mai wata hanyar samu ke iya aikin. A shekarar ne masu zaɓe suka amince da albashin da ya haura dala dubu 45 a shekara.

Batun bashi kuwa ga yadda yake tafiya. Gina babban titi ko magudanar ruwa ya fi ƙarfin kasafin shekara ɗaya, don haka birni ke sayar da takardun lamuni ga masu zuba jari, ya karɓi kuɗi yanzu, ya riƙa biya da kuɗin ruwa tsawon shekaru ashirin ko fiye. Abin da ake jinginarwa shi ne harajin gidaje da filaye. Tunda aljihun masu gidaje ne zai biya, dokar Teksas ta wajabta a tambaye su kafin a fitar da irin waɗannan takardu, kuma rinjaye kaɗan ya wadatar. A Kalifoniya sai an samu kashi biyu cikin uku. Masu saye na son takardun saboda gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan ribar yawancinsu, wannan ke sa birane samun bashi da sauƙin ruwa. Birnin da kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi suka ba shi maki mai kyau ya fi samun rangwame, kuma San Antonio ya daɗe yana cikin na sahun gaba.

Birnin ya mayar da abin al'ada duk shekara biyar: dala miliyan 550 a 2007, miliyan 596 a 2012, miliyan 850 a 2017. Watanni kafin zaɓe, ma'aikata ke fitar da jerin ayyuka, magajin gari da kansiloli su naɗa kwamitocin mazauna gari, a yi ta zama da yamma ana sauraron jama'a. A nan ake ainihin ja-in-ja, inda mai neman a gyara kwalbatin layinsu ke gogayya da masu neman filin wasa ko ɗakin karatu. Majalisa ce ke da magana ta ƙarshe a kan jerin.

A 2017 an kasa bashin gida shida. Tituna, gadoji da hanyoyin masu tafiya a ƙasa suka ɗauki kusan dala miliyan 445, wuraren shaƙatawa miliyan 187, magudanun ruwa da rigakafin ambaliya miliyan 139. Sauran ya tafi ga ofisoshin 'yan sanda da na kashe gobara, ɗakunan karatu da gidajen tarihi, da gyaran unguwanni. Mai zaɓe yana cewa e ko a'a ne ga kowane kaso gaba ɗayansa, ba ya iya tsame aiki guda. Cikin kason wuraren shaƙatawa akwai dala miliyan 13 na wata gada mai faɗi da aka lulluɓe da ƙasa da itatuwa, ta haye babban titin Wurzbach don haɗa ɓangarori biyu na dajin shaƙatawa na Hardberger, mutane da namun daji su riƙa tsallakawa. Masu suka sun ce ƙawa ce ga yankin masu kuɗi. Amma wanda ya ƙi gadar dole ya ƙi har da gyaran ƙaramin filin wasan yaran unguwarsa, gaba kura baya siyaki. Duk kason shida sun wuce, aka buɗe gadar a ƙarshen 2020.

Masu tallata bashin sun sha nanata cewa ba za a ƙara ma'aunin haraji ba, kuma gaskiya suka faɗa, domin sabon bashi na maye gurbin tsohon da aka gama biya. Abin da ya kamata mai gida ya riƙe shi ne, ana lissafin harajin ne bisa darajar gidansa. Idan darajar ta tashi, kuɗin da zai biya ya tashi ko da ma'aunin bai motsa ba, kuma mai haya ma yana ji a jikinsa ta hanyar ƙarin kuɗin haya.

Babban abin damuwa shi ne ƙarancin masu fitowa. Duk da an ware kwanaki na kaɗa ƙuri'a tun kafin ranar zaɓe, mutum kusan dubu ɗari ne suka zaɓi magajin gari a zagayen farko na 2017, wato ɗan sama da kashi ɗaya cikin goma na masu rajista. Waɗanda ke fitowa galibi dattawa ne masu gidan kansu, matasa da 'yan haya kuwa su ne za su fi daɗewa suna biyan bashin. Wannan ya sa wasu biranen, kamar Los Angeles da Austin, suka mayar da zaɓensu watan Nuwamba don ya haɗu da manyan zaɓuɓɓuka, ko da yake wasu na ganin batutuwan gari kan nutse cikin hayaniyar siyasar ƙasa.

Dokokin kansu ta ƙuri'a ake canza su. A 2021 masu zaɓen San Antonio sun gyara kundin birnin don a iya kashe kuɗin lamuni a kan gidaje masu sauƙin kuɗi, sai bashin dala biliyan 1.2 na 2022 ya ware miliyan 150 ga wannan fanni. A Nuwamban 2024 suka tsawaita wa'adin magajin gari da kansiloli daga shekara biyu zuwa huɗu, sau biyu kawai. Gina Ortiz Jones, wadda ta ci zagaye na biyu a Yunin 2025, ita ce magajiyar gari ta farko a ƙarƙashin sabon wa'adin.