Ilimin Siyasa Ba Koyon Yaudara Ba Ne

Da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito, sai ka ji iyaye a Bangi da Madawa suna hana yara zaɓen ilimin siyasa, wai karatun maƙaryata ne, wai kuma tun da aka rusa jam'iyyu a watan Maris na 2025 ba shi da sauran amfani. Maganar nan ta ishe ni. Ɗalibin tsangayar shari'a da siyasa ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai ba rabon atamfa da sabulu ranar zaɓe ake koya masa ba. Ana koya masa daga ina iko yake fitowa, wa ke da hurumin taɓa kuɗin jama'a, wa kuma zai tuhume shi.

Masu cewa aikin ya ƙare su duba gida. A Yulin 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi 265, har da ta Bangi. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi. To, an daina yanka tikiti ranar kasuwa? Mai buhun albasa yana biya, mai akuya yana biya, kuma dole wani ya san inda kuɗin ya shiga. Idan gona ta ci burtali har makiyayi ya yi ɓarna, tsakanin hakimi da kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada da alƙali, wa ke da ta cewa? Irin waɗannan tambayoyi ne masana kamar Farfesa Mahaman Tijjani Alu suka bi ƙauye-ƙauye suna bincike a cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a 2001. Jam'iyya tana mutuwa, mulki yana nan.

Za a ce babu aiki. Da gaskiya a ciki, domin takardar kaɗai ba ta ciyar da kowa. Saboda haka mai son fannin ya gyara alƙalaminsa na Faransanci, ya ƙara da Ingilishi tunda Najeriya ga ta nan kusa. Lokacin hutu ya nemi zama a ofishin ƙaramar hukumarsu, ya ga yadda ake tsara kasafi, ko da kyauta zai yi. Ya shirya wa jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Yamai tun da wuri. Wanda kuɗin zaman Yamai ya fi ƙarfin gidansu, Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa tana koyar da shari'a, kuma daga can ma ana shiga aikin hukuma.