Gargaɗi Ga Masu Babur: Kada Ka Koma Titi Da Tayar Da Ta Kayar Da Kai

Duk wanda babur ya taɓa kayarwa a kwana, ya tashi ya karkaɗe riga ya ce Allah ya kiyaye, da shi nake magana. Haka kuma da mai babur ɗin da ya bayar ana kawo masa balas, da uban da ke bar wa ɗansa makulli, da wanda ke shirin sayen na hannu don ya ga fenti na ƙyalli. Faɗuwar farko kan tsaya a ƙujewa da fashewar madubi. Ta biyu ce ke kai mutum Asibitin Ƙashi na Dala, ko ma inda ba a dawowa, domin abin da ya jawo ta farko yana nan ba a taɓa shi ba, ga kuma sabuwar illar da ta bari a jikin mutum da jikin babur.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa mutum kimanin miliyan 1.19 ne ke rasa rai a haɗarin hanya duk shekara, kuma aƙalla ɗaya cikin biyar a kan babur ne ko mai ƙafa uku. Idan aka duba yawan jama'a, a nahiyar Afirka abin ya fi muni. Mu da babur ya zama ƙafarmu, daga ɗan acaba a ƙauyukan Katsina zuwa ɗan kabu-kabu a Maraɗi, wannan lissafin namu ne.

A fara da jiki. Wanda kansa ya bugu da kwalta yana iya tashi garau, ya yi magana, har ya tuƙa kansa gida, alhali jini na taruwa a hankali cikin ƙoƙon kansa. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai mai ƙaruwa, amai, barcin da ba a saba gani ba, ruɗewa, ko wani sashe na jiki ya yi sanyi. Wanda aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a tare da shi, a kai shi asibiti nan take, kada a ce bari gari ya waye. Haka wanda kan babur ya doke shi a ciki: ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin hagu da jiri da zufa mai sanyi na iya zama saifa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki. Mai faɗuwa kuma kan tare ƙasa da hannu, shi ya sa ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji da ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu ke yawan karyewa. Akwai wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da karayarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba. In wurin ya ci gaba da ciwo, a koma a sake hoto, don in aka bar shi yana iya ƙin haɗewa, hannun da ke riƙe birki ya rasa ƙarfinsa.

Ƙujewa kuwa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har yashi ya fita, a yi allurar rigakafin tetanus. Kada a zuba man birki ko baƙin mai ko toka. In an kai mutum wurin mai ɗori, aka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun fara baƙi, ciwo kuma na ƙaruwa, ɗaurin ya toshe jini ne. A sassauta shi a garzaya asibiti kafin a kai ga yanke gaɓa. Karayar da ƙashi ya huda fata ba ta ɗori ba ce tun farko. Sannan ina roƙon matasanmu da su guji shan tramadol don su danne ciwo su koma aiki. Yana sa jiri, yana rage kaifin hankali, yana iya jawo farfaɗiya a kan titi, ga fasinja a baya.

Yanzu sai a tambayi kai: me ya kayar da ni? Cewa tsautsayi ne gaskiya ce, amma kowane tsautsayi da sanadinsa. Babur a kwana dole ya kwanta, kuma duk nauyinsa da na mutanen da ke kai ya rataya ne a kan ɗan wurin da taya ke taɓa ƙasa, wanda bai wuce tafin hannun yaro ba. Riƙon da ake buƙata daga wannan ɗan wuri yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Kwanar da ka sha a gudun kilomita 40, in ka shige ta a 60 tana neman riƙo fiye da ninki biyu. In ka kai 80, ninki huɗu. Taya kuma riƙonta guda ne: abin da ta kashe wajen juyawa ba za ta sake kashe shi wajen birki ba. Shi ya sa wanda ya firgita a tsakiyar kwana ya damƙe birkin gaba sai ya ji gaban ya zame, kafin ƙiftawar ido yana ƙasa. A rage gudu tun babur na miƙe, a shiga kwana da natsuwa, a kafa ido ga mafita, domin babur inda ido ke kallo yake bi. Mai kallon kwata, kwata zai faɗa. A kuma kiyayi yashin da iska ke tarawa a gefen kwana, da man gas da manyan motoci ke zubarwa a shataletale, da ruwan farko na damina wanda ke taso da maiƙon da ya kwanta a kwalta tsawon rani.

Sai taya, inda araha ta fi cutar da mu. Tsugunna ka duba gefen tayarka. Za ka ga lambobi huɗu a jere cikin ɗan zagaye, galibi bayan haruffan DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba na bushewa ko da ba a taɓa hawa kanta ba, balle a zafin ranarmu, ta yi tauri, ta daina kama kwalta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan kunne kan tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa, musamman tun bayan haɗarin watan Maris na 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda fashewar taya ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa. In mota mai ƙafa huɗu ba ta tsira ba, ina ga mai biyu? Duba kuma cikin zanen tayar: akwai 'yan tudu da masana'anta ta sa, da zarar zane ya cinye ya yi daidai da su, tayar ta gama aiki. Shafa hannunka a kanta. In tsakiya ta baje ta bar kaifi a gefe, babur zai riƙa faɗawa kwana farat ɗaya. In ka ga tsage-tsage ko ƙullutu a gefe, cire ta yau. A guji tayar da aka sake yanka wa zane da wuƙa don ta yi kama da sabuwa, da tib ɗin da faci ya hau kan faci.

Wajen sayen sabuwa, a tsaya kan girman da masana'anta ta rubuta. Matasa na son taya mai faɗi don ado, amma in aka matse ta a siririn wili siffarta na lalacewa, riƙonta a kwana ya ragu. In akwai alamar kibiya a gefe, a ɗaura ta yadda kibiyar ke bin juyawar ƙafa. Sabuwar taya tana da santsi, don haka a lallaɓa ta aƙalla kilomita ɗari na farko. Iska kuma a auna ta da geji tun taya na sanye, daidai da adadin da ke littafin babur ko takardar da aka liƙa a jikinsa. Latsawa da yatsa ko bugawa da sifana da wasu masu faci ke yi ba awo ba ne. Iska ta yi yawa, taya ta riƙa tsalle. Ta yi kaɗan, ta yi zafi ta riƙa lanƙwasa a kwana.

Shokazoba kuwa mutane da yawa sun ɗauka don taushin zama aka yi ta. Babban aikinta shi ne danne taya a ƙasa duk lokacin da aka taka rami ko gargada. In ta mutu, taya na rabuwa da kwalta na ɗan lokaci, kuma a kwana wannan ɗan lokacin ya isa. Gwajin ba wuya: danna bayan babur da ƙarfi ka saki. Lafiyayya za ta dawo sau ɗaya ta tsaya, matacciya sai ta yi ta lilo. Dubi ƙarafan shokar gaba. In akwai zoben mai da ƙura ta manne masa, sil ya lalace, kuma man na iya gangarawa har birki. In za a sauya ta baya, a sauya biyun tare, a daidaita tsaninsu iri ɗaya gwargwadon nauyin da ake ɗauka. Masu kai babur wurin mai walda a ƙara ƙarfe don ya ɗauki buhu uku, su sani sun kashe aikinta gaba ɗaya.

Bayan faɗuwa akwai ɓarnar da ido ba ya gani da sauri. A ɗaga gaban babur a juya kansa hagu da dama. In yana cijewa a tsakiya ko yana ƙas-ƙas, boris ɗin wuya ya tafi. A juya kowace ƙafa a ga ko wili na rawa, a taɓa sifok ko sun saki. A tsaya daga baya a hango ko ƙafar gaba da ta baya na kan layi guda. Babur ɗin da ke ja gefe guda bayan haɗari, ko dai shokar gaba ta lanƙwashe ko ƙashin jikinsa ya karkace, kuma miƙe kan babur tsakanin gwiwoyi ba ya gyara wannan. Hular kwanon da ta bugu da ƙasa ita ma ta gama aikinta, domin soson da ke cikinta sau ɗaya yake shanye bugu, ko da bayanta bai tsage ba.

A nan ne illar ke yaɗuwa. Babur ya faɗi, a sauya madubi da fitila, a fesa fenti, a miƙa wa ƙane ko a kai kasuwa. Wanda ya karɓa bai san komai ba, ya ɗauki mai ciki zuwa awo, ya ɗauki yara uku zuwa makaranta. Wanda ya ɓoye aibin da ya sani ya sayar, alhakin abin da ya biyo baya na wuyansa. Alhaji mai babura, kuɗin taya biyu da shoka ba su kai kuɗin jinyar karaya guda ba, kuma yaron da kake matsa wa ya cika balas ba zai iya sayensu daga abin da ke rage masa ba. Shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaba, ku sa ido a tashoshinku, ku hana babur mai suɗaɗɗiyar taya ɗaukar fasinja. Iyaye, kafin ku ba yaro makulli, ku tsugunna ku duba da idonku. Ɗan'uwa da ka faɗi, ka bari likita ya sallame ka, ka bari makaniken kirki ya sallami babur ɗin, sannan ka koma hanya a hankali. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.