Kunkuru A Gida: Me Ya Sa Ya Kan Binne Kansa?

Kowace shekara, da zarar ruwan fari ya sauka a ƙasar Zuru, wajen watan Mayu, yara su kan tsinci kunkuru a bakin gona ko a gindin duwatsu. Su kan kawo shi gida da murna, a sa shi cikin tsohon kwano, a zuba masa tuwo. Bayan kwana biyu sai a ji kuka: kunkuru ya ƙi cin abinci, ya shige ƙarƙashin rumbu, ko ya tone ƙasa ya binne kansa. Nan da nan a ɗauko fartanya a tono shi. Gobe ya sake shiga, a sake tonowa. Kafin kaka ta yi, da yawa sun mutu. Rashin sani ya fi dare duhu. Iyaye, bari mu duba halin wannan dabba, domin mu san abin da za mu faɗa wa 'ya'yanmu.

Wane iri ne a hannunku?

Iri uku ne a kan samu a arewacin ƙasarmu. Na fari shi ne ƙaramin kunkurun daji, wanda ƙoƙon bayansa ya ke da gaɓa wajen gindi, ya kan rufe ta a kan ƙafafunsa na baya in ya tsorata. Shi ne yara suka fi tsinta. Na biyu shi ne babban kunkurun Sahel, mai ƙaya a cinyoyinsa, wanda a kan gani a gidajen waɗansu manya. Asalinsa gefen Hamada ne, daga Senegal har Habasha. Cikin kunkuran tudu na duk duniya, na tsibiran Galapagos da na Aldabara kaɗai suka fi shi girma. Namiji ya kan wuce kilo 50, ya kan kuma yi shekara 70 ko fiye. Na uku shi ne na ruwa, mai faifayayyen baya, wanda ya ke zaune a tafki da fadama.

Tilas ne a san bambancinsu. Na ruwa ya iya iyo, amma na tudu in aka jefa shi cikin randa ko kududdufi mai zurfi, nutsewa zai yi.

Dalilin tonon ƙasa

Jikin mutum ya kan riƙe ɗuminsa, ko a hunturu ko a bazara. Kunkuru ba haka ya ke ba. In wuri ya yi zafi jikinsa ya yi zafi, in ya yi sanyi ya yi sanyi, ba ya kuwa yin gumi. Saboda haka ƙasa ita ce ɗakinsa. Ku sa hannu cikin rami a watan Afrilu da tsakar rana, za ku ji sanyi da laima, alhali a bisa ba a iya taka ƙasa ba takalmi. Babban kunkurun Sahel ya kan haƙa rami mai tsawon mita da yawa, ya wuni ciki, ya fito kiwo da sassafe ko da yamma. Ƙaramin kuwa ya kan nemi ramin da wata dabba ta bari, ko tsohon suri, ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen itace, ya kwanta yawancin rani ba ci ba motsi. Na ruwa, in tafki ya ƙafe, ya kan nutsa cikin laka ya jira damina.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa ya san gaiwa, wadda ta kan shige laka sa'ad da ruwa ya janye, ta naɗe kanta da yauƙin jikinta, ta yi watanni tana shan iska ta 'yar kafa.

A Amurka ma yara suna da irin wannan damuwa. Can a kan sayar musu da wata ƙaguwa ta bakin teku, daga tsibiran Karibiyan, wadda gindinta ya ke da taushi, sai ta ari katantanwar da dodon koɗi ya bari ta zauna ciki. In ta yi girma ta sake wata. Sa'ad da aka kawo ta sabon wuri, ko lokacin da za ta yi saɓa kamar maciji, ta kan binne kanta cikin yashi mai laima har makonni. Sabuwar fatarta tana da taushi ƙwarai, wanda ya tono ta a lokacin nan ya iya kashe ta. Maganin ɗaya ne da namu: a ƙyale ta.

Akwai wani tono dabam. In kun ga kunkuru yana haƙa da ƙafafun baya, ta mace ce, ƙwai za ta saka. Ku ba ta wuri, ku kare gurbin daga kare da alade.

Yadda za a kula da shi

1. Ku ba shi kwanaki ya saba. Sabon kunkuru ya kan ɓuya, ya ƙi abinci. Tsoro ne kawai. Kada a riƙa ɗaukarsa. In ya firgita ya kan zubar da ruwan da ya ajiye a mararsa, da rani kuwa wannan ruwan shi ne guzurinsa.

2. Ku keɓe masa wuri a ƙasa, ba cikin kwano ko kan siminti ba. A samu inuwa da rana duka biyu, da ƙasa mai taushi, da tarin busasshen ganye ko fasasshiyar tukunya inda zai shige. Hasken safiya yana ƙarfafa ƙoƙonsa, amma kwanon ƙarfe a rana tanderu ne. Babban irin ya kan tone gindin katangar ƙasa, sai a nisanta shi da ita.

3. Ku ajiye ruwa a kasko marar zurfi, wanda zai iya shiga ya fita da kansa. A sake ruwan kowace rana.

4. Babban kunkuru ciyawa ce abincinsa, da ganye kamar na rama, da ɗan kabewa. Ƙaramin ya kan haɗa da naman kaza, da tana, da dodon koɗi, da 'ya'yan itace da suka faɗo. Tuwo da miya da burodi ba nasu ba ne. A daka ɓawon ƙwai a barbaɗa kaɗan. Kada a yanko musu ciyawa inda aka yi feshin magani.

5. Kada a huda ƙoƙonsa domin a ɗaura igiya, kada kuma a shafa masa fenti. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa. Yana jin zafi, yana zub da jini. In kuka gan shi a rigingine, ku juya shi nan take.

Barci ne ko ciwo?

Kunkuru mai barci, in aka taɓa ƙafarsa a hankali, ya kan janye ta. Wari, da ƙudaje, da jerin tururuwa, su ne alamun mutuwa. Majina ko kumfa a hanci, kumburin ido, da numfashi da baki buɗe, alamun ciwo ne. Sai a nemi malamin dabbobi.

Lafiyar yaranmu

Kunkuru ya kan ɗauki ƙwayar cuta mai suna salmonela cikin hanjinsa, shi kuwa lafiya lau. A jikin mutum ta kan kawo zawo da zazzaɓi, ta fi tsanani ga jarirai da tsofaffi. Saboda ita ne gwamnatin Amurka ta hana sayar da kunkuran da ba su kai inci 4 ba a shekarar 1975. Duk wanda ya taɓa kunkuru ya wanke hannu da sabulu. Kada a bar shi kusa da madafa, kada a wanke kaskonsa tare da kwanonin abinci, kada kuma a jefa na ruwa cikin rijiyar sha.

Shawara ta ƙarshe

Kunkuran Sahel suna ƙarewa a daji, saboda kamu domin sayarwa, da ƙunar daji, da yawan kiwo a wuraren da su ke ci. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar duniya ta cinikin namun daji ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa wata ƙasa domin ciniki. A Senegal, a ƙauyen Noflaye kusa da Dakar, har an keɓe wuri inda a ke renonsu.

Saboda haka, in yaro ya kawo kunkuru daga gona, abin da ya fi shi ne ku duba shi tare, ku ƙirga zanen bayansa, sa'an nan ku raka yaron ya mai da shi daidai inda ya same shi, tun damina ba ta wuce ba. In kuwa ya riga ya daɗe a gidanku, ku riƙe shi da kyau, gama ya yiwu ya ga jikokinku. Yaron da ya koyi jiran kunkuru ya fito daga rami da kansa ya koyi haƙuri da tausayi, zai kuwa nuna su ga ƙannensa da tsofaffinsa.